Raƙumin Baba Ya Samu Hutu

Jiya a Dogo na tarar da Babanmu tsaye gaban raƙuminsa, likitar dabbobi tana ba shi sakamakon jinin da ta ɗiba kwanakin baya.

Ta ce, "Baba, jinin ya nuna korona irin ta raƙuma ta taɓa kama shi. Jikinsa ya yaƙe ta, alamarta ce kawai ta rage."

Baba ya shafa wuyan raƙumin. "Ashe da ciwo yake ɗauko mini gero, ko sannu ban ce masa ba?"

Yau raƙumi yana inuwa yana cin harawa. Dammunan gero kuwa, ni aka ɗora wa!

Jama'a, wa ke ɗaukar kayanku shiru, yana jiran sannunku?