Ranar da Malam Ya Je Kotu Ba da Haƙuri

Shekara bakwai ke nan da Allah ya karɓi ran maigidana, Malam Sabi'u, a nan Greensboro ta Amurka. Na saba idan watan ya zagayo in yi tuwo in kai masallaci sadaka, in yi masa addu'a, in ja bakina. Bana wata wasiƙa ce ta sa na ɗauki alƙalami, irin wadda ta taɓa hana shi cin abinci kwana biyu.

Malam direban tasi ne. Da yake shirin jarabawar zama ɗan ƙasa, sai ya rubuta tambayoyin jarabawar guda ɗari da amsoshinsu a 'yan katuna, ya bi ƙofofin kabad na kicin ya manna. In na je ɗauko daddawa sai in ci karo da rassan gwamnati uku. Yakan ce murhu ne: majalisa, shugaban ƙasa, kotu, ka zare dutse ɗaya tukunya ta kife. Ya ci jarabawa, ya yi rantsuwa, ya dawo da 'yar tuta a aljihun gaba.

Shekara ba ta zagayo ba sai ga wasiƙa daga kotu da sunansa. Mu a Zariya inda muka taso, kotu ba ta neman mutum da alheri. Yana ganin kalmar sammaci ya ninke takardar. Ya bi fasinjojinsa ɗaya bayan ɗaya a zuci, bai tuno wanda ya ɓata wa ba. Sai ya yi abin da ya gada: ya sa babbar riga, ya ɗauki dattawa biyu, Alhaji mai shagon kayan miya a Gate City Boulevard da Baba Yohanna, maƙwabcinmu dattijon coci, suka nufi kotu su ba da haƙuri tun magana ba ta yi nisa ba.

Matar da ke karɓar baƙi ta dubi takarda, ta dubi manyan riguna uku, ta danne dariya. Ba ƙararsa aka kai ba. Kiransa aka yi ya zauna cikin juri, wato mutanen gari goma sha biyu da ake zaunarwa su saurari shaidu, su ce mutum ya aikata ko bai aikata ba. Abin dariyar, amsar tana manne a kabad ɗin gishiri, ya haddace ta tsaf: zaman juri nauyi ne da ke kan ɗan ƙasa kaɗai. Rashin sani ya fi dare duhu, amma hadda ma ba sani ba ce.

Tun daga ranar Baba Yohanna ya samu abin tsokana. "Alƙali, a yi mana sassauci!" Malam ya ce, "Kai dai Baba, da kai ne, da yanzu kana Kanada."

Da lokaci ya yi, kwana uku ya zauna cikin jurin. Na yi tambayar duniya, ya ce, "Amana ce, Maman Habiba." Sai da aka gama ya faɗa min abu ɗaya: in su 'yan juri sun shigo, ɗakin duka miƙewa yake. "Ni, direban tasi," in ji shi, idonsa ya ciko.

To watan jiya tawa wasiƙar ta iso. 'Yata Habiba ta ce da Turanci, "Mama, ki ce musu ba kya ji sosai, shi ke nan." Ina ji kuwa, ƙarya zan yi. Amma na so in yi ta. Ba kotu nake tsoro ba, ranar tsayuwa nake tsoro, a ce da bakina aka zalunci ɗan wani.

Na yi ta tunanin me Malam zai ce da ya ga yau: mutanenmu da fasfo a jaka ko kanti za su je, jita-jita tana yawo a waya, wasu sun yi rantsuwa amma ko rajistar zaɓe sun ƙi. Na san amsarsa. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Kuma in duk mai tsoron Allah ya zame, wa zai zauna ranar da ɗanki ne a gaban alƙali?

Malam bai bar gida ba, tasin ma an sayar. Katin kabad ɗin gishiri ne ya rage, mai ya ɓata shi, da kuma abin da ya dasa min: hukumar nan ba ta wasu can ba ce, da kujerata a ciki. Allah ya jiƙansa, ya sa can ta fi nan.

Ranar Litinin na goge mayafina. Ina ɗaure takalmi Baba Yohanna ya bugo waya: "Alƙaliya, in sa babbar riga in raka ki?" Na ce, "Baba, zauna abinka. Wannan karon mun san abin da ya kai mu."

A kotu da aka kira sunana na miƙe na ce ga ni.