Biɗar Dutsen Hadiza

Maraɗi

Ƙarfe shida saura kwata na bar gida a unguwar Zariya, da maganaɗisun tsohuwar rediyo a aljihu. Ɗiyata Hadiza, mai binciken sararin sama, ta zo hutun kwana uku. Jibi za ta tashi zuwa taron masana na ƙasashe, inda za a jera abin da za a fara nema: alamar rai a duniyar Mars, ko ruwan da ke ƙarƙashin ƙanƙara a wasu duniyoyi. Ita tana son a sa duwatsun da ke faɗowa gonakinmu daga sama a jerin, amma sai ta nuna ko guda.

Tana shekara tara ta tsinci irinsa a gonarmu, baƙi, mai nauyi. Na ce aradu ce. Na mari yarinyar, na kwarara masa nono kamar yadda muka gada, na kai wa abokina Nomau mai bori a Tsibiri. Shekara ashirin da biyar ban nemi gafararta ba. Ni da na bar lakwal a aji huɗu, na yanke hukunci a kan sama!

Tsibiri

Ɗan kabu-kabu ya sauke ni bakwai da minti goma. A shinge jandarma ya ce, "Baba, ina zuwa?" Na ce biɗar tauraro. Ya leƙa idona, ya ce a bi da ni sannu.

Nomau na shan fura a zaure.

"Idi, kai da ka ce min na ɓata, mi ya kawo ka?"

"Dutsen nan."

"Af! Shekara goma ina ba shi nono da jinin zakara, ko ciwon kai bai warkar ba. Na ba ƙanwata Tabawa. Tana Jiratawa."

Na ci ƙosai biyu a tsaye. Na yi masa sallama.

Jiratawa

Na koma Maraɗi, na shiga mota mai ɗaukar buhunan taki. Sha ɗaya da rabi muka isa, ni da wata tunkiya a kujera guda. Na iske Tabawa tana murƙushe daddawa a kan turmin da aka kife, kuma da dutsen take yi.

"Yaya Idi, wanga ko tabarya ba ta kai shi ba. Ba ni badawa."

Na kanga maganaɗisu, ya manne ɗaf, kamar yadda Hadiza ta ce dutsen sama ke yi. Tabawa ta ja baya. Na zauna na faɗa mata komai, har marin. Ta miƙo mini dutsen.

"Don yarinyar na ba ka. Kai kam ba ka cancanta ba."

Sai da na ci tuwon dawa da miyar kuɓewa ta sallame ni.

Gida

La'asar na shigo. Hadiza ta karɓa da hannu biyu, ta sansana, ta yi dariya har da hawaye.

"Baba, in muka sami rai a jikin wannan, na saniyar Tsibiri ne."

Ashe nono da jini da daddawa sun ɓata abin da masana ke nema. Na ce, "Ke nan na kashe miki zance sau biyu. Ki gafarce ni, uwata."

Ta ce zancenta ma yanzu ya tsaya da ƙafarsa: kafin a harba wani jirgi zuwa Mars, a fara koya wa manoma yadda za su ɗauki dutsen da leda mai tsabta su kira masana. Ta yafe, amma da sharaɗi. Ta ɗora wayarta a gabana, in faɗi abin da na yi da bakina, ta kunna wa taro.

Na gyara hula, na faɗa duka. Sau uku muka sake, don uwarta na dariya a bayan labule.

Na gode wa Allah da ya dawo da ni lafiya, da Nomau, da Tabawa wadda na bari da daddawa ba a gama ba.