Gidajen da Inna Ta Shiga

Shekarar da yara suka yi ta mutuwa a ƙauyenmu na ƙasar Bukkuyum, ina koyarwa a firamare, Inna mahaifiyata kuwa ita ce ungozomar gari. Yaro zai fara amai, ya sanƙare, kafin a ce kwabo ya cika. Duk gidan da ciwon ya faɗa, Inna ake rugawa a kira. Sai wani mai dogon lissafi ya lura cewa ba a fitar da gawar yaro ba sai daga gidan da ta taka. Shi ke nan, Inna ta zama mayya.

Na bi maza ɗaya-ɗaya ina tambaya, raina a ɓace. Gida nawa ta shiga yaro ya tashi? Gida nawa aka yi rashi tana can Gummi wajen ƙanwarta? Ba wanda ya ƙirga waɗannan. Duk wanda na tare shi kaɗai sai ya sunkuyar da kai ya ce shi ma bai yarda ba, amma ai gari duk ya faɗa. Na rasa wane ne garin nan, tunda kowa ya ce ba shi ba ne.

Ran da ɗan maƙwabcinmu ya kwanta, suka cika mana zaure, wai ta zo ta tsallake shi ta sakar masa kurwa.

"Ba ni tsallake ɗan da nic ciro da hannuna," in ji Inna. "Gidan da ad da lahiya, wa ka kira na? Ku kai shi asibiti."

Ba su kai shi ba, ya rasu, aka ƙara shi a lissafinta.

Daga baya ma'aikatan lafiya suka zo suka gwada ƙasar tsakar gidaje. Gubar dalma ce, daga dutsen zinariyar da ake dakawa a turmin da ake dakan hatsi, yara na rarrafe a gindinsa. An kwashe ƙasar, an zuba sabuwa, amma ba wanda ya tako ya ce wa Inna ta yi haƙuri.

Ita ta yafe, har ta koma karɓar haihuwarsu. Ni ban yafe ba, kuma ba na jin kunyar faɗa. Cikin yaran da suka ce ta cinye har da jikanta, ɗana na fari, kuma mace biyu kaɗai suka shigo yi mana gaisuwa.