Ranar da Likita Ya Wanke Nasa

Ke, kin san abin da ya sa ba ki taɓa jin muryar uwarki ba? Matso, ajiye wayar nan.

Ubanki gyaran kwamfuta yake yi, a wani ɗan shago ƙarƙashin matakalar bene, wanda in ka miƙe tsaye sai kanka ya gaisa da siminti. Likita ake ce masa. Tela maƙwabcinsa kan leƙo ya ce, "Likita, yau gawa nawa ka tayar?" Shi kuma ya ce, "Kai dai je ka gyara wandon da ka ɓata wa mutane."

Ni da nake surukarsa, da kyar yake haɗa ido da ni, amma in aka zo zancen na'ura sai bakinsa ya buɗe. Ya ce, "Inna, wannan allon fuska ce kawai. Wannan ram, tabarmar shanya ce, ana ɗauke wuta an naɗe. Wannan kuwa had-dis, shi ne rumbu." Na ce, "Rumbun da bai kai tafin hannuna ba?" Ya yi dariya har da tari.

Da uwarki ta rasu kina zanin goyo, sai ya tattara duk abin da ya rage nata, hotuna, da bidiyon da take miki wasa tana waƙa, ya kwashe daga tsohuwar wayarta da ke gab da mutuwa ya zuba a rumbu guda, baƙi. Ya ce in kin yi wayo zai kunna miki. Shi kansa ba ya iya kallo.

To, yana da ƙa'ida: ba ya wanke kwamfutar mutum sai ya kwashe masa kayansa gefe. Wankewar nan fomat suke cewa. Ran nan wata malama ta zo a rikice, na'urarta ta cika ta ƙi motsi, aikin ɗalibanta duk yana ciki. Ta kawo tsohon rumbu ta ce ya share shi ya zuba mata. Baƙi shi ma, kamar an tsaga kara da nasa. Ga su gefe da gefe a teburi, ga tela yana zuba surutu a ƙofa. Hannu ya ɗauki wanda ba shi ba.

Ya wanke, ya zuba kayan malama har baki. Ta yi godiya. Sai da ya juya rumbun zai miƙa mata ya ga ɗan tabon jan farcen uwarki a ƙasansa, shaidar da ya sa wa nasa rumbun.

Bai yi mata ihu ba, ina laifinta? Ya mayar mata da kayanta a nata, ya rufe shago, ya zo ya zauna a dokin ƙofata. Ya ce, "Inna, da sharewa kawai na yi, da ana tonowa. Amma na zuba wani a kai."

Shekaru ya yi yana tono. Duk wata manhaja da ya ji labarinta sai ya gwada. Abin da ya fito? Rabin hoto, kafaɗar uwarki da gefen ɗankwali, sauran toka-toka. Tun daga nan duk wanda ya shigo shagon sai ya sha faɗa: "Ka kwafa a filashi? Ka ajiye wuri biyu?" Har mutane suka fara cewa Likita ya cika mita. Tela ma ya daina tsokanarsa.

Da ciwon ƙirjin da ya zama ajalinsa ya kwantar da shi, kina makaranta, na kai masa ruwan zafi. Ranar ce kaɗai ya dube ni ido cikin ido. Ya ce, "Inna, in kina magana daga ɗaki ban gan ki ba, sai in ji kamar ita ce. Don Allah ki riƙa yi wa yarinyar nan hira da yawa."