Amaryar da Na Mayar Fara

Ni ba ni da haƙuri, kowa a gidanmu ya sani. Ina gama sakandare na jawo tsohuwar kwamfutar da yayana ya bari, na koyi haɗa bidiyon biki a nan Gaya: a yanke nan, a liƙa can, a sa sunan ango da amarya yana yawo cikin furanni. Monitar ma, wato allon kwamfutar, tasa ce, ta tsufa ta dishe. Ban san ta dishe ba, don da ita kaɗai na taɓa aiki.

Aminiyata baƙa ce, irin baƙin nan mai sheƙi da ta gado wurin mahaifiyarta, kuma tana ji da abinta. Bikinta ni na ɗauka, ni na haɗa. Da na zauna aiki sai na ga fuskarta a monita ta zama dunƙule guda, ba ka rabe kunci da haɓa. Na ƙara haske. Bai yi mini ba, na sake ƙarawa. Da hanci ya fito na ce shi ke nan, na tura wa ango, ko buɗewa a wayata ban tsaya yi ba.

A wayoyin mutane amarya ta fito fara tas.

Ango yana da gwaggo a Gafasa, ita ta rene shi, maganarta ba ta faɗuwa ƙasa a danginsu. Ciwon ƙafa ya hana ta zuwa biki, amma ta san amarya tun tana goye. Aka nuna mata, ta ce, "Wannan mai ta shafa. Yarinyar da ta raina halittar da Allah Ya yi mata, wa za ta girmama a gidan miji?" Waɗanda suka je biki suka ce ba haka take ba. Ta ce su mayafi suka gani, ita kuwa ga hoto, hoto ba ya ƙarya. Amarya kuma an kai ta Kademi, lokacin fitarta bai yi ba balle ta je ta nuna fuska.

Aminiyata ta kira ni. "Ke da hannunki kika mayar da ni 'yar bilicin a dangin miji." Ta kashe.

Washegari sai ga mahaifiyarta, wadda nake kira Umma, ta yi sallama a gidanmu. Na shirya shan faɗa. Ta zauna, ta ce in nuna mata abin a inda na yi shi. Ta dubi monita, ta dubi wayarta, ta sake duban monita.

"'Yar nan, madubinki ne makaho. Nawa kike jira ya ɓata kafin ki canza?"

Na ce ina tarin kuɗi, amma ban san wadda zan zaɓa ba, duk a shago kyau suke yi.

"To ai fuskarta tana wurina. Mu je a gwada da ita."

Haka muka hau motar Kano, ni da kyamara, ita da zanen fita. A shagon kwamfuta na ɗauki Umma bidiyo a bakin ƙofa, na ce wa mai shago ya jona mini a monita ɗaya bayan ɗaya, ita kuma ta zauna a gefe don in riƙa kwatantawa.

Ya fara da wata faffaɗa mai ƙyalli. "Hajiya, wannan samari ke rububi, dubi yadda kala ke tashi."

Umma ta leƙa. "Ɗan nan, yaushe na faɗa cikin manja?"

Ta biyu kuwa daga gaba daidai, na ɗan karkata kai sai Umma ta koma toka. Na fara tsaki, na ce a ba ni kowace ce mu tafi. Ta riƙe mini gefen hijabi. "Saurin nan ne ya kawo mu. Zauna."

Mai shago ya yi dariya, ya ce da tun farko mun faɗa masa aikin bidiyo ne. Ya sauko da wata mara ado, ya ce irin wannan ake ce wa mai bit goma: tsakanin kala da kala tana da matakai masu yawa, saboda haka duhu ba ya cakuɗewa, sararin sama ma ba ya fitowa layi-layi. Ya jona. Sai ga goshin Umma da sheƙinsa, kumatu sun ɗan fi duhu, ga inuwar ƙarƙashin haɓa, ga tsagar da ke gefen idonta. Na dubi ta zaune, na dubi ta allo, mutum ɗaya.

"Wannan ce ni," in ji ta. "Har tsufan ba ta rage mini ba, mara kunya."

Ita na saya. Na sake aikin tun daga ainihin abin da na ɗauka, na duba a wayoyi daban-daban, har da talabijin ɗin maƙwabta, sannan na tura. Ango da kansa ya kai Gafasa. Ya ce gwaggo ta kalla har ƙarshe, sannan ta ce, "Yauwa, ga ɗiyar da na sani. Wancan karon 'yar wa kuka nuna mini?" Ta haɗo shi da daddawa da kuka ya kai wa amarya.

Aminiyata ta kira, ta ce in zo Kademi in ci tuwo, amma kada in kuskura in zo da kyamara.

Ɗan bidiyon Umma na bakin shago yana nan a kwamfutata. Shi nake fara buɗewa kafin in taɓa fuskar 'yar kowa. Idan ta fito daidai, sai in ce Allah Ya saka mata, in kama aiki.