Sallamar da Inna ke yi wa madaci

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar mahaifiyata, Inna Dije. A ƙauyenmu, kan hanyar Daura zuwa Mashi, da saiwa da sassaƙe aka san ta. Sabara ga maijego, marke ga mai tari, madaci ga wanda ciki ke murɗa. Har yau ina jin ɗacin jiƙon nan a maƙogwarona, kuma wallahi ina kewarsa.

Akwai wani tsohon madaci a bakin gonarmu. Inna ba ta taɓa ɗora masa gatari ba sai ta tsaya ta yi masa sallama, kamar mai shiga gidan surukai. Sannan ta ɗebi ɓawo kaɗan ta gabas, kaɗan ta yamma, ta kwaɓa laka ta shafe wurin. Ba ta yarda a sassaƙe itace a zagaye ba, don ta san hakan ke kashe shi.

Shekarun da aka ƙaddamar da Shari'a, yayana Lawal ya dawo daga karatu a Katsina da zafinsa. Ya ce sallama ga itace shirka ce, kuma yana jiye wa uwarsa tsoron wuta. Da gaske yake, har da hawayensa. Inna ta ce, "Lawal, ni ban roƙi itace komai ba, Allah ke warkarwa. Ina dai jin kunyar in ɗebi abu kamar ɓarauniya."

Bai gamsu ba. Don a zauna lafiya ta daina ɗaga murya, amma duk wanda ya raka ta gona yana ganin leɓenta na motsi. A haka ta koma ga Mahaliccinta.

Yanzu masu tallar magani da lasifika sun cika kasuwar Daura, kuma sassaƙe buhu-buhu suke nema. Masu babur kan zo su kware itace tas su wuce. Sun kai ga madacinmu. Rabinsa ya bushe, ɓawon da ya rage ta gabas bai fi faɗin tafin hannu ba, shi kaɗai ke riƙe da ransa. Nakan tambayi kaina me Inna za ta ce. Ina jin ba za ta yi faɗa ba, tambaya kawai za ta yi, wa ya rene su.

Yaya Lawal shi ne limamin ƙauyen yanzu, gemu ya yi fari. Bai taɓa janye maganarsa ba, ni ma ban taɓa tayar da ita ba. Makon jiya na leƙa gona da hantsi, na hango shi ya naɗe hannun riga, da ƙwaryar laka, ya kewaye gindin itacen da ƙaya. Bai ji zuwana ba. Kafin ya kai hannu sai na ji ya ce a hankali, "Salamu alaikum."

Babu kowa a gabansa sai madacin. Na amsa masa daga baya, don kada sallamar ta faɗi ƙasa.