Banda Ba Ta Son Girgiza

A-kori-kurata ta farko a hannun wani mai dakon giya na saye ta, shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a jiharmu, shi kuwa ya tattara ya koma ƙetare. Sau uku na sa aka wanke ta kafin uwar 'ya'yana ta yarda ta shiga. Abin da wanki bai fitar ba shi ne gajiyar da lodin kwalabe ya bar wa gabanta. Sanduna biyu na ƙarfe ke riƙe da gaban, waɗanda bakanikai ke ce wa toshin. Sun saki, motar ta duƙa kamar tsohon raƙumi.

Sana'ata banda ce. Ina ɗaukar kifi wurin wani dattijon masunci a bakin Kwara in kai Kamba. Banda kuwa in ta karye ta zama gari, darajarta ta tafi. Ranar da na dawo masa da labarin kwando huɗu sun dagargaje, bai yi faɗa ba.

"Ɗana," ya ce, "shekara da shekaru an san kifina da kai da wutsiya. Ka samo wata mota, ko in samo wani dillali."

Wata mota ba ni da halinta, kifinsa kuwa shi ne kasuwata.

Bakanikena na Bagudo ya riga ya ɗaure notin toshin har zare ya ƙare. Na ce masa a cire sandunan gaba ɗaya, a sa sifirin mai naɗi da shokazoba a cikinsa, irin wanda na gani a wata mota can bayan Tsamiya. Ya yi dariya har ya aje sifana.

"Alhaji, kifin na baya, kai kana gyaran gaba?"

"In jaki ya yi tuntuɓe, da wace ƙafa yake yi?"

"Ta gaba."

"To mi ke faɗuwa? Ba kayan bayansa ba?"

Sai ya ce shasin motar ba a yi shi don ya ɗauki nauyi a wurin ba, walda za ta tsage. Wannan gaskiya ce, na karɓa. Na tsallaka Benin na sayo sifirin biyu a wurin masu kwance motoci, na haɗo da farantin ƙarfe mai kauri. Kwana biyar muna kai. Mai walda ya yanka farantin ya yi wa kowane gefe mazauni, ina tsaye a kansa da igiyar awo, don na san in hagu ya fi dama da ɗan yatsa ɗaya, taya zai cinye.

Gwajin farko na ɗora kwanon ruwa a kujera. Kafin Zagga wandona ya jiƙe sharkaf. Sifirin na babbar mota ne, ya yi tauri, motar tana tsalle kamar ɗan akuya.

"A maida toshin?" in ji bakanike.

Na ce a kwance. Na sake tsallakawa, na yi rabin yini ina ciniki da ɗan Dandancin da nake ji, har aka musanya mini da masu laushi. A gwaji na biyu ruwan ya yi rawa, bai zube ba.

Dattijon bai yarda da labarin kwano ba. Ya zaɓi bandar da ta fi bushewa ya cika kwando ɗaya, ya sa a can ƙarshen baya inda girgiza ta fi yawa, ya shiga gaba da kansa. Muka kama hanyar Kamba. Da muka tsaya ya kwance kwandon, ya tura hannu har ƙasa, ya zaro wani tarwaɗa ya ɗaga shi ta wutsiya. Kan bai faɗi ba.

Ya mayar da shi a hankali, ya kakkaɓe hannu.

"Jibi ka zo da hantsi," ya ce. "Kuma ka rage gudu wajen gadar nan. Kifin ya tsira, ni ne bayana ke ciwo."